Ɓawon lemu da kuzari: abin da Faransawa ke faɗa da abin da ba sa faɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina koyon Faransanci a Kano, kuma ina ɗan yin kek na sayarwa. A littattafan girki ina yawan ganin "zeste de citron". Na san a Ingilishi kalmar zest tana nufin ɓawon lemu, tana kuma nufin kuzari da ɗoki. Da aka ba mu aikin rubuta takardar neman aiki sai na rubuta "Je travaille avec beaucoup de zeste", malaminmu ya ja jan layi a kai bai ce komai ba. Ina kuskuren yake? Kuma me Faransawa ke cewa idan mutum yana da kuzari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, malama. Malaminku yana da gaskiya, ko da yake da ya ƙara layi ɗaya na bayani da ya hutar da ke. Bafaranshen da ya karanta jimlar nan, abin da zai fahimta shi ne kina aiki da ɓawon lemu mai yawa, wataƙila ma ya zaci a gidan yin kek kike neman aikin. A Faransanci zeste ba ta ɗaukar ma'anar kuzari. Ingilishi ne ya ari kalmar ya ɗora mata wannan ma'ana. A wurin masu ita kuwa tana nan a kicin, in ma ta fito waje, abin da take nufi ya yi hannun riga da abin da kike so ki faɗa, domin ma'anarta a nan ita ce abu ɗan kaɗan.

Tunda sana'arki ta shafi kicin, bari mu fara daga can.

Mu a Hausa ɓawo ɓawo ne, na lemu ko na gyaɗa ko na itace. Faransawa sun rarraba shi. Le zeste, kalma ce namiji, shi ne fatar nan ta can waje mai launi, siririya, wadda man ƙamshin yake ciki. Shi ne man da ke fesowa ya shiga ido in an matsa ɓawon, kuma a lemun zaƙi fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan mai wani sinadari ne da ake kira limonène. A ƙarƙashinsa akwai farin nan mai taushi mai ɗaci, sunansa le ziste. Wannan kalma ba kowane Bafaranshe ne ya san ta ba, yawanci sai dai su ce "la peau blanche", wato farar fata. Ki lura da mai lemu a bakin titi: yana sa wuƙa ya fere koren nan na waje ya zubar, ya bar farin don ya riƙe ruwan in ana tsotsa. To abin da ya zubar shi ne zeste, abin da ya bari shi ne ziste. Mai yin kek a Faransa akasin haka yake yi, na wajen yake so, farin ne abin gudu, domin in ya shiga kwaɓi ɗacinsa ba ya ɓuya.

In an haɗa su biyun, ɓawon gaba ɗaya da kaurinsa, sunansa l'écorce, kalmar da kuma ake kiran ɓawon itace da ita. Shi ya sa ɓawon lemun da aka dafa da sukari ake ce masa "écorces d'orange confites", in kuma an yanka shi siri-siri an tsoma a cakulan ya zama "orangettes", abin da ake yawan bayarwa kyauta a ƙarshen shekara. Busasshen ɓawon lemun da ake turarawa a gidajenmu don korar sauro, shi ma écorce ne. La peau ita ce kalmar yau da kullum, wadda yaro zai faɗa, kuma ba za ki taɓa yin laifi da ita ba. Sai dai "peau d'orange" tana da ma'ana ta biyu a bakin mata da likitoci, wato fatar cinya da ta yi gurbi-gurbi saboda kitse. La pelure ita ce fatar da aka riga aka cire, kamar ta albasa ko tuffa, les épluchures kuwa tarkacen fira ne da za a kai bola ko a ba awaki. Ba wanda zai rubuta épluchures a cikin kayan haɗin kek.

Akwai wani ɗan bambanci a littattafan girki da ke ɓata wa mutane kek. "Le zeste d'un citron" na nufin ki goge fatar lemu guda gaba ɗaya. "Un zeste de citron" kuwa ɗan yanki ne guda, kamar wanda ake jefawa a shayi. Aikin kansa ana ce masa zester, ko "râper le zeste" in da abin goga za a yi, ko "prélever le zeste" in za a ɗauke shi a tsaye da wuƙa. Akwai ƙaramin ƙarfe mai 'yan ramuka da aka yi don haka, le zesteur, amma ɓangaren ƙananan ramuka na abin goge kuɓewa ya ishe ki. In kika ga "blanchir les zestes", ana so ki tsoma su a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci ki tsame, don ɗacin ya ragu. "Peler à vif" shi ne a fere lemu har farin, sai tsokar ta fito tsirara, kuma 'yan ɓangarorin da ake cirowa ba tare da yanarsu ba su ne "les suprêmes". Duk dangin lemu kuma sunansu ɗaya, les agrumes.

Abu biyu zan ƙara, don kuɗinki ne a ciki. Na farko, littattafan Faransa kan ce "un citron non traité", wato lemun da ba a sa wa magani ba. Dalili shi ne lemun da ake safararsa nesa ana shafa masa kaki da maganin hana ruɓewa bayan an tsinke shi, kuma a fatar maganin yake zama, daidai inda kike son gogewa. Lemun da ya zo daga Binuwai, ko daga Gaya da Timia a Nijar, wanki mai kyau yakan ishe shi. Wanda ya kamata ki yi hattara da shi shi ne mai sheƙin nan na manyan kantuna da aka shigo da shi daga waje. Na biyu, citron a Faransa shi ne babban nan ruwan ɗorawa mai kaurin ɓawo, irin wanda garin Menton da ke bakin iyakar Italiya ya yi suna da shi, har suna yi masa biki duk watan Fabrairu tun 1934. Lemun tsaminmu ƙarami kore, su "citron vert" suke ce masa. A kasuwannin Yamai da Maraɗi kuwa in kika ce citron, ƙaramin koren za a miƙo miki. Fatarsa siririya ce, don haka ki goga da sauƙin hannu, kuma guda ɗaya ba zai kai yawan abin da littafin ke nufi ba.

Yanzu ga yadda aka yi kalmar ta rabu gida biyu. A tsohon Faransanci zeste ba ta ma tsaya ga lemu ba. Ƙamus ɗin Faransanci da Ingilishi da wani Baturen Ingila mai suna Cotgrave ya fitar a 1611 ya ba ta ma'anar yanar nan mai tauri da ke raba ƙwayar noix, wani ɗan itace mai ƙoƙo, gida-gida. Abu ne da ba a ci, ba a sayarwa. Daga nan aka sami tsohuwar magana "cela ne vaut pas un zeste", wato bai kai ko anini ba. A ƙarni na 17 Ingilishi ya ari kalmar da ma'anar ɓawon lemun da ake ƙara wa abin sha ɗanɗano, sannu a hankali ta koma duk abin da ke ƙara armashi, zuwa ƙarshen ƙarni na 18 ta zama jin daɗin abu da ɗokinsa. Ingilishi ya bi ƙamshin. Faransanci ya bi ƙanƙantar, bai kuma sauka daga kanta ba har yau.

Don haka in kika ji "un zeste d'humour", ana nufin ɗan barkwanci kaɗan da aka barbaɗa a magana. "Un zeste de folie" ɗan taɓin wauta ne mai daɗi, "un zeste d'accent" kuwa ɗan karin harshe ne da ya saura a bakin mutum. 'Yan jarida da masu talla suna son wannan salo ƙwarai, har ya fara gundura. 'Yan'uwansa su ne "un soupçon de", "une pointe de", "un brin de", "une touche de". Kin ga ke nan ko da za ki rubuta "un zeste d'enthousiasme", jimlar daidai take a nahawu, amma kin gaya wa mai ɗaukar aiki cewa ɗokinki ɗan mitsitsi ne. Akwai kuma tsohuwar magana "être entre le zist et le zest", wadda ake faɗa wa mutumin da ya kasa tsai da shawara, ko abin da ke ƙila-wa-ƙala, bai yi kyau ba bai yi muni ba. Ta tsufa, a littafi za ki gamu da ita, ba a tasha ba. Ki kuma kiyaye lafazi: zeste daban, geste daban. Ta biyun ita ce motsin hannu ko ɗan alheri, kuma da yawa daga cikinmu a Afirka ta Yamma sukan mai da harafin farkonta z.

To me ya kamata ki rubuta? A nan ne aikin yake, domin kalmomin kuzari a Faransanci suna da yawa, kuma abin da ya raba su ba ma'ana ce kawai ba, har da wurin da ake faɗar kowace. Akwai na takarda, akwai na hira, kuma cakuɗa su ya fi kuskuren nahawu muni a idon Bafaranshe.

Na takarda, ta farko ita ce l'enthousiasme. Daga Girkanci ta fito, inda asalinta ke nufin mutumin da wani abin bautarsu ya shige shi, ta shigo Faransanci a ƙarni na 16, yanzu kuwa ta zama ɗoki da shauƙi kawai. Ki kula da rubutunta, akwai ou a tsakiya da e a ƙarshe, kuma siffarta enthousiaste ɗaya ce ga mace da namiji. Sai l'entrain, wadda ni na fi so, don ita ce ta fi kusa da karsashi: kuzari haɗe da sakin fuska. "Elle travaille avec entrain" na nufin tana aiki jikinta a sake, ba a tura ta. Wanda ya yi abu "sans entrain" ya yi shi ne da sanyin jiki. Daga tushe ɗaya aka sami "un boute-en-train", mutumin da in ya shigo taro sai wuri ya ɗau raha. L'élan yunƙuri ne, azamar da ke ɗaukar mutum gaba ɗaya, shi ya sa ake cewa "un élan de générosité" in jama'a suka tashi haiƙan wajen taimako. L'ardeur himma ce mai zafi, "ardeur au travail". La fougue zafin nama ne irin na matashi mai jini a jika, wanda wani lokaci ba ya jin birki. La verve ta harshe ce kawai, mai magana ko marubucin da kalmomi ke zubo masa. L'engouement kuwa yayi ne, ɗokin da jama'a ke yi wa sabon abu kafin su watsar, kuma in ya mutu da wuri sai a ce "un feu de paille", wutar kara ke nan.

A takardar neman aiki, abin da zan ba ki shawara shi ne "C'est avec enthousiasme que je vous adresse ma candidature" a buɗewa, wato da ɗoki nake miƙo muku takardar neman aikina, sannan a jikin takardar "Je m'investis pleinement dans mon travail", wato ina ba da kaina gaba ɗaya ga aikina. In kina son jimlarki ta asali, canja kalma ɗaya ya isa: "Je travaille avec beaucoup d'entrain". Za ki ga kowa na rubuta "dynamique et motivée", wato mai kuzari da himma. Ba laifi ba ne, amma an tauna su har sun salance, mai karatu ba ya ma ganinsu. Kuma kada ki jera uku ko huɗu a layi ɗaya. Faransawa ba sa son yawan zumuɗi a rubuce, suna ɗaukarsa rashin kamun kai ko kuma talla. Mutanen da in abu ya burge su suke cewa "pas mal", ai kin san inda suka dosa. A nan mun yi kama da su, don mu ma "ba laifi" yabo ne babba a bakin wanda ba ya yawan yabo.

Akwai kalmomi uku da ke kama da mafita amma rami ne. Ta farko le zèle. Ɗalibi in aka hana shi zeste, ita yake kamawa, don sun yi kama a ido kuma ƙamus ya ce himma ce. Gaskiya ne a tsohon rubutu da na addini himma ce mai kyau. A bakin mutanen yau kuwa ta karkata zuwa zaƙewa. "Faire du zèle" shi ne mutum ya wuce abin da aka sa shi don a gani, irin na mai neman gindin zama. "Excès de zèle" shi ake faɗa wa ma'aikacin da ya tsananta doka inda ba a bukata. Har yajin aiki gare su da wannan suna, "la grève du zèle": ma'aikata ba sa barin aiki, sai dai su bi kowace ƙa'ida harafi da harafi har komai ya tsaya cik. Jami'an kwastan na Faransa, waɗanda a Nijar ake ce wa 'yan duwan, sun yi irinsa a watan Maris na 2019, lokacin da ake shirin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, manyan motoci suka yi dogon layi a hanyar Calais, tashar ruwan da ake tsallakawa zuwa Birtaniya, fasinjojin jirgin ƙasa mai zuwa Landan suka yi ta jira a Paris. Wadda ta rubuta "je suis très zélée" a takardar neman aiki, ta sa abokan aikin da ba ta ma haɗu da su ba sun fara tsoronta.

Ta biyu ita ce excité. Masu zuwa daga Ingilishi suna faɗa mata da ka. A Faransa, babban mutum in ya ce "je suis excité" ba tare da ya ƙara komai ba, kunne yakan tafi ga sha'awar jiki. Ga yara ana faɗa, da ma'anar sun hana kowa sakat. In ɗokin wani abu mai zuwa kike yi, ki ce "j'ai hâte", na ƙosa ke nan, ko "je me réjouis de" in a rubuce ne. Ta uku chaud. Samari a Faransa suna cewa "je suis chaud" da nufin na shirya, a tafi. Ke a matsayinki na mace ki bar ta inda kika gan ta, domin siffar macen tana ɗauke da ma'anar da ba za ki so ba. "Je suis partante", wato ina ciki, ta biya bukata, ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. In zafin rana ne ya dame ki kuwa, "j'ai chaud" ake cewa, da fi'ilin avoir.

Na hira sun fi daɗi, kuma abin dariyar shi ne Faransawa ma a kayan marmari suka nemo kuzarinsu, sai dai sun tsallake lemu. Wadda ta fi kowace yawo ita ce "avoir la pêche". La pêche wani ɗan itace ne na ƙasashen sanyi, mai taushi da zaƙi, da ƙwallo ɗaya a tsakiya. "J'ai la pêche ce matin" na nufin na tashi garau, jikina da ƙwari. Ki faɗi wasalin farko yadda ya kamata, kuma kada ki ƙara wa kalmar é a ƙarshe, domin le péché zunubi ne. Ita kanta la pêche tana kuma nufin kamun kifi, mahallin magana ne ke rabewa. Daidai da ita akwai "avoir la patate", dankali ke nan, da "avoir la frite", soyayyen dankalin Turawa, wadda ta ɗan kwana biyu, an fi jin ta a bakin iyaye. Dukansu da avoir da la suke tafiya, kuma canji kaɗan yana juya ma'ana. "Quelle patate !" zagi ne mai sauƙi, kamar a ce sakarai. "En avoir gros sur la patate" kuwa zuciya ce ta cika da baƙin ciki. "Avoir la banane" ba kuzari ba ne kai tsaye, murmushi ne har kunne, saboda lanƙwasar ayaba. Ana kuma cewa abu ko mutum yana da "du peps" ko "du punch", duka biyun aro ne daga Ingilishi, kuma za ki ji mai girki ya ce ɗan lemun tsami "donne du peps" ga miya. Wannan ne wuri mafi kusa da lemu da kuzari suka haɗu a Faransanci, kuma ko a nan ba zeste ce ta ɗauki nauyin ba.

Bayan kayan marmari sai wuta. "Être tout feu tout flamme" shi ne mutum ya ɗau zafi a kan sabon abu, kuma sau da yawa akwai ɗan zolaya a ciki, wato mu ga ko zai ɗore. "Avoir le feu sacré" ya fi daraja, ana faɗa wa wanda son sana'arsa ya shiga jininsa, malami ko likita ko mawaƙi. "Péter le feu" da "péter la forme" suna nufin lafiya da ƙarfi sun cika sun batse, amma fi'ilin farkon nan asalinsa sakin iska ne, saboda haka tsakanin ƙawaye kawai. A gaban surukai ko shugaba, "je suis en pleine forme" ta wadatar. Wanda ya zo aiki da ƙarfin da ba a saba gani ba, sai a tambaye shi "tu as mangé du lion ?", ko naman zaki ka ci. Ɗan wasan da ya shirya wa karawa "il est gonflé à bloc", an buga masa iska har wuya. Matasa kuma suna cewa "je suis à fond" ko "je suis au taquet", wato na kai maƙura. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya "une vraie pile électrique" ne, batir sabo fil.

Maganar Ingilishin nan da ke haɗa zest da rayuwa, wato "zest for life", a Faransanci "la joie de vivre" ce, ko "le goût de vivre", ko "l'appétit de vivre". Wanda ke cin duniyarsa da tsinke kuma "il croque la vie à pleines dents", yana gatsar rayuwa da dukan haƙoransa. In kuma armashi ake nufi, abin da ke sa labari ko zama ya yi daɗi, Faransawa gishiri da barkono suke kira: "une histoire qui ne manque pas de sel", "mettre du piment dans sa vie", ko kuma "du piquant". Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan, mu da muke cewa magana ta yi lami in ba gishiri, sai dai ki tuna a wurinmu ƙara gishiri yana iya zama ƙari a kan gaskiya, su kuwa sel ɗinsu daɗin zance ne kawai.

Shi lemun kansa, in ya shiga karin maganar Faransanci, ba ya zuwa da fara'a. Matsa ce da tatsa. "Presser quelqu'un comme un citron" shi ne a tatse mutum, ƙarfinsa ko aljihunsa, har sai ba abin da ya rage. A yaren titi citron kai ne, don haka "se presser le citron" shi ne mutum ya wahalar da ƙwaƙwalwarsa, wanda kuma "n'a rien dans le citron" kansa fanko ne. "Apporter des oranges à quelqu'un" ziyara ce a gidan yari, kuma da wasa ake faɗa wa abokin da ke shirin aikata abin da zai kai shi can: ci gaba, ma kawo maka lemu. Direban da ya "passe à l'orange" ya wuce ne fitilar kan hanya tana tsakanin kore da ja, domin su wannan fitilar launin lemu suke ganinta. Écorce ma tana da nata: "entre l'arbre et l'écorce il ne faut pas mettre le doigt", kada ka sa yatsa tsakanin itace da ɓawonsa, abin da mu muke cewa tsakanin miji da mata sai Allah.

Mafi shahara a cikinsu tana da tarihi. Marubucin nan Voltaire ya zauna a fadar Sarki Frederik na Biyu na Purusiya, tsohuwar masarauta ta Jamusawa, daga 1750 zuwa 1753, yana gyara wa sarkin rubutunsa na Faransanci. A 1751 wani likita Bafaranshe da ke fadar, La Mettrie, ya tsegunta masa cewa sarkin ya ce shekara ɗaya kawai ya rage yana bukatarsa, ya kuma ƙara da "on presse l'orange et on en jette l'écorce", a matse lemu a yar da ɓawon. Maganar ta tsaya wa Voltaire a rai, har daga baya ya rubuta cewa tun daga ranar ya ƙudura kai ɓawon lemun inda zai tsira, ya kuwa bar ƙasar bayan sun ɓata. Ba sai na nemo miki fassara ba: a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Abu na ƙarshe da ya kamata ki sani shi ne yawancin waɗannan na hira na Faransa ne. In hanya ta kai ki Yamai ko Damagaram ko Kwatano, wanda ya yi boko ko yake kallon tashoshin Faransa zai gane "j'ai la pêche", amma ba haka ake magana a kasuwa ba, kuma za a ji kamar kina yanga. A can "je suis en forme" ake cewa. Daga Abijan aka sami "s'enjailler", a yi nishaɗi a cashe, wadda matasan unguwanni suka ƙera daga wata kalmar Ingilishi, yanzu har matasan Paris sun ɗauka. Akwai kuma "ambiancer" da "ambianceur", mai tayar da taro. A Nijar za a gaishe ki da "Et la fatigue ?", wanda ina gajiya ce aka sa wa rigar Faransanci, kuma in an tarar da ke kina aiki a ce "du courage", sannu da aiki ke nan. Bafaranshen da ya sauka karon farko yakan tsaya ya fara ba da labarin gajiyarsa da gaske, alhali "ça va" kawai ake jira. In kuwa gajiyar ce ta gaske kike son faɗa, a rubuce "je suis épuisée", a hira "je suis crevée" ko "je suis à plat", duka biyun ana kuma faɗa wa tayar da ta sace, kasalar nan kuma da ke saukowa bayan cin abincin rana sunanta "un coup de barre".